Yadda Ake Kama Akwatunan Rubutu da Maɓallai a Manhajar Kwamfuta

A ce wani mai injin casar shinkafa a Argungu ya ba ka aikin haɗa masa 'yar manhaja da Python, akawunsa ya riƙa shigar da yawan buhuna, ita kuma ta buga kuɗin. Zana tagar manhajar da Tkinter, wato kayan zana taga da ke zuwa tare da Python, ba wuya. Wahalar tana zuwa ne idan an danna maɓalli, kana neman abin da aka rubuta cikin akwati.

Da farko, duk abin da za ka sake buƙata, ka raɗa masa suna tun ranar da ka ƙirƙire shi. Sanya tagar cikin aji (class) guda, ka rubuta self.buhuna = Entry(self) don ƙirƙirar akwatin rubutu, sannan a layi na gaba self.buhuna.pack() don jera shi a tagar. Kada ka haɗe su a layi ɗaya, domin pack() ba akwatin yake mayar maka ba, None ne, wato babu komai, kuma da ka kira get() don karanta abin da aka rubuta, saƙon kuskure za ka samu. Nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Hoto ma haka yake: idan ba ka adana PhotoImage a self ba, Python zai share shi, gurbinsa ya zama wayam.

Na biyu, ɗaura akwatin da StringVar, ma'ajiyar da ke riƙe abin da aka rubuta, ta hanyar textvariable. Sashen lissafi ya karɓi lamba kawai, ba ruwansa da kamannin taga.

Kada ka bi winfo_children(), mai jero abubuwan da ke cikin taga, kana ƙirga na ɗaya, na biyu, na uku. Ranar da mai injin ya ce a ƙara gurbin sunan manomi a sama, lissafin ya rikice ke nan. Mai amfani da Qt Designer kuwa, manhajar zana taga ta Qt (wani kayan aikin irin Tkinter), ya ba kowane abu objectName mai ma'ana, ya daina barin sunan da manhajar ta ba shi da kanta, irin lineEdit_7.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Tagar tana da layin aiki (thread) guda ɗaya da ke kula da ita. Idan manhajar za ta tura bayanai ta intanet, kuma ka san yadda sabis ke yi idan an fita gari, dole ka kai wannan aikin wani layi da threading, in ba haka ba tagar ta daskare akawu ya ɗauka kwamfuta ta lalace. Amma wancan layin kada ya taɓa ko da maɓalli ɗaya. Ya zuba sakamakonsa cikin Queue, ma'ajiyar da saƙonni ke jira a jere, babbar taga ta riƙa leƙawa lokaci-lokaci da after(100, self.duba). A Qt sigina ake aikawa, a GTK, wani kayan zana tagar, kuma GLib.idle_add. Mai karya wannan ƙa'ida yakan ga komai lafiya a kwamfutarsa, sai an kai wurin mai aiki ta fara rufe kanta, kuma gano dalilin yana cin rai.

Idan akwai ƙaramar taga da ake iya rufewa kafin amsa ta iso, tambayi winfo_exists() ko tagar tana nan kafin ka rubuta mata komai.