Prado ɗin da aka ɗaga ta fara zuƙar mai: yadda nake gano inda man yake tafiya

Motata Prado ce ƙirar 120, mai injin fetur V6 na lita 4, wanda Toyota ke kira 1GR-FE. Da ita nake zuwa gona a fadamun Haɗeja daga Kano, kuma saboda yashi da taɓon damina na sa aka ɗaga ta inci 2, na sa mata manyan tayoyi, da bamban ƙarfe a gaba, da kariya ta ɗaukar kaya a sama. Na san za ta ƙara shan mai, kuma ta ƙara. Abin da ya tayar min da hankali ya zo ne bayan wata takwas, lokacin da man da ke kai ni ya dawo da ni ya fara ƙarewa tun kafin in iso Gezawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu mai irin wannan motar da zai ga haka ya yi barci.

Kafin kowa ya sa sifana a jikin motar, ka auna. Allurar gejin mai ba ma'auni ba ce, musamman a motar da ɗagawa ta sauya mata zama. Ka je gidan mai guda, famfo guda, ka cika tanki har bakin famfon ya tsaya da kansa, kada ka bari a yi ta ɗura mata bayan nan. Ka mayar da malejin tafiya sifili. In ka dawo ka sake cikawa a famfon nan, ka rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa ta yi. Ka yi haka sau uku. Na dage kan famfo guda ne domin ba kowace lita ake ba ka cikakkiya ba, kuma a kwanakin awon nan ka haƙura da man 'yan bumburutu, don galan ɗinsu ba ya shiga lissafi.

A nan ne mafi yawan masu manyan tayoyi suke ruɗewa. Maleji ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa. Tayar da Prado 120 irin tawa ta zo da ita 265/65R17 ce, tsayinta kusan milimita 776. Wadda na sa, 285/70R17, tsayinta kusan milimita 831. Bambancin kashi 7 cikin 100 ne, wato duk kilomita 100 da maleji ya nuna, motar ta yi 107. A littafina, bayan sa tayoyin, maleji ya nuna kilomita 400 a lita 65, wanda ya kama kilomita 6.2 a kowace lita. Da na gyara lissafin, tafiyar 428 ce, ya zama 6.6. Kafin a taɓa motar tana ba ni 7.5. Idan kana son tabbatarwa, ka kunna taswirar wayarka daga Kano zuwa Wudil ka kwatanta nisan da ta nuna da na maleji.

To wannan faɗuwar daga 7.5 zuwa 6.6 ba ciwo ba ce, kuɗin kwalliya ne, kuma babu bakaniken da zai dawo maka da ita. Babbar taya ta fi nauyi, haƙoranta sun fi riƙe kwalta, kuma tana sa giya ta yi wa injin tsawo, shi ya sa za ka ji motar tana yawan sauko da giya a ɗan hawan da a da ba ta ko lura da shi. Motar da aka ɗaga ta fi tare iska. Abin da ake nema shi ne faɗuwa ta biyu, wadda ta zo ba tare da ka ƙara komai ba. Tawa ta koma lita 80 a wannan tafiyar, kusan 5.3 ke nan. Idan ba ka raba waɗannan biyun ba, za a ce maka “ai tayoyin ne, Alhaji”, ka tafi da ciwon a jikin motar.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Iskar taya: duk wanda ke rage iska don yashi ya san yadda ake mantawa a mayar. Ka auna da safe kafin tayar ta yi zafi, da gejinka na kanka, domin na masu faci a bakin hanya sun sha faɗuwa ƙasa. Sai ka duba dashbod ko fitilar makullin tsakiya, wanda ke ɗaure ƙafafun gaba da na baya su juya tare, tana kunne. Prado 120 ƙafa huɗu take ja kullum, kuma idan aka bar makullin nan a ɗaure a kan kwalta, motar tana kokawa da kanta a kowace kwana, taya na ci, mai na tafiya. Ka kuma buɗe but ka ga abin da ya taru: jarkoki, sarƙa, safaya ta biyu, buhun takin da aka manta.

Birki ne wurin da na fi so a tsaya a duba da kyau, domin shi ne ɓarawon da ba ya kunna fitila. Ka yi tafiyar kilomita 15 a miƙaƙƙiyar hanya ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya a hankali, ka zagaya kana kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Kusa kawai, kada ka taɓa faifan birkin, zai ƙona ka. Ranar da na yi nawa, uku suna da ɗumi iri ɗaya, na baya ta dama kuwa zafi yake hurowa kamar bakin murhu, ga warin ƙauri. Da aka cire tayar, sai ga ƙusar da birkin ke zamewa a kanta ta yi tsatsa ja wur, robar da ke rufe ta ta yage, busasshen taɓon fadama ya cika ramin. Sai da aka buga ta da guduma kafin ta fito. Duk motar da ke shiga ruwa da taɓo, a duba mata wannan bayan kowace damina, haɗe da hambirki, wanda takalmansa ke cikin faifan baya inda laka ke samun wurin kwanciya.

Daga nan ka shafa tafin hannunka a kan haƙoran tayoyin gaba, daga ciki zuwa waje. Idan ta gefe ɗaya santsi ta ɗaya gefen kaifi, saitin ƙafa ya goce. Ɗaga mota yana sauya saitin, ramukan hanya kuma suna ƙara gotar da shi.

Sai injin. A nan ina roƙonka kada ka yarda a fara sauya kaya da ka. Wannan mota tana da ramin OBD2, inda ake jona na'urar karanta kwamfutar motar, a ƙarƙashin sitiyari, kuma ƙaramar na'urar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ba ta kai kuɗin filogi shida ba. Abu na farko da za ka karanta shi ne zafin ruwan injin. Tamostat ɗin wannan injin, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, yana buɗewa a wajen digiri 82, don haka bayan tafiyar minti 15 ya kamata ka ga zafin ya zauna tsakanin 80 da 90. Nawa, da sanyin safiyar hunturu a kan hanya, bai wuce 64 ba. Na tuna an wanke min lagireto watanni kaɗan kafin nan. Da na koma na tambayi labarin tamostat ɗin, sai maigidan garejin ya ce, “Yallaɓai, ai mun cire shi, wannan na ƙasar sanyi ne.” Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma haka ake yi a gareji da yawa, amma kuskure ne. Kwamfutar motar tana ƙara wa injin mai muddin tana ganin bai yi zafi ba, kamar yadda ake jan cok a tsohon babur. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa a wannan hali, kuma man da ya yi yawa yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ɗan'uwan wannan aikin shi ne ɗaure fanka ta riƙa juyi da ƙarfin injin kullum. Idan motarka tana gurnani kamar tirela ko da sanyi, a duba kulocin fankar.

Abu na biyu a na'urar shi ne lambar da ke nuna yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa man da take turawa, za ka ga an rubuta LTFT. Injin V6 ɓangare biyu ne, kowanne da lambarsa. Kusa da sifili lafiya ce. Idan ta wuce 10, sama ko ƙasa, akwai magana. In duka biyun sun tashi tare, ka nemi abin da suka yi tarayya a kansa: senso mai auna iska da ke bayan iyakilina, ko tiyon da ya tsage yana zuƙar iska, ko famfon mai da ya gaji. In ɓangare ɗaya ne, ka nemi senson salansa na wannan ɓangaren, ko nozul, ko tsaga a bakin salansa. Tsagar nan tana da wayo: iska na shiga ta wurin, senso ya ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Motar da cikinta ke bugun dutse tana yawan samun wannan, kuma za ka ji ƙarar tsit-tsit da safe kafin ƙarfen ya yi zafi.

Nawa duka biyun suna kan 13. Da muka kwance sukurori biyu muka zaro senson iskar, siririyar wayar cikinsa ta yi riga da jar ƙura. Laifin matatar iska ce mai jiƙon mai da na saya don “ƙarin ƙarfi”: man na tashi ya manne a wayar, ƙurar hunturu ta bi shi. Ana wanke shi da feshin da aka yi dominsa, a bar shi ya bushe. Ba a sa masa fetur, ba a goga shi da tsumma, ba a hura masa iskar kwamfaresa. Na koma matatar takarda.

Filogi kuwa, na wannan injin na farko ba masu dogon zango ba ne, ana sauya su a wajen kilomita 48,000, kuma na jabu sun cika kasuwa, don haka ka sayi naka a hannun wanda ka sani a Ƙofar Ruwa. Idan wani ya ce a fasa “indomin” salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, don motar ta sha iska, ka ce a fara gwadawa a ga ko ya toshe. Alamarsa ita ce mota ta ƙi ja a hawa ko ka take totur.

Kowane gyara ka yi shi kaɗai, ka cika tanki, ka auna, sannan ka wuce na gaba. Birki ya mayar da ni 5.8, tamostat 6.2, senson iska 6.5. Bayan nan na sauke kariyar sama na jingine ta a gareji, domin jan iska yana ƙaruwa ninki huɗu idan gudu ya ninka biyu, kuma a kan kwalta ba komai take ɗauka ba. Na rage gudu daga 120 zuwa 100, na daina barin injin yana silo da AC a bakin gona ina jiran ma'aikata. Awon ƙarshe da na rubuta 6.9 ne. Kariyar za ta koma sama idan lokacin kai bututun ban ruwa ya yi.