Masu haɗa manhajar sakamakon wasa, ku fara ajiya a cikin waya

Salamu alaikum 'yan uwa.

In kana haɗa manhajar da ke rubuta sakamakon ƙwallo ko dambe, kada ka sa ta dogara da intanet. Duk ƙwallon da aka ci, ta fara adana shi a wayar, sai netwok ya dawo ta tura.

Na ɗanɗana kuɗata a wata gasar unguwanni a Gusau. Fili ya cika, kowa na ɗaukar bidiyo, sabis ya tsaya cak. Yaron da ke shigar mana da sakamako ya danna "tura" ya fi sau goma, daga baya duk suka shiga tare. Wasan da aka tashi ɗaya da ɗaya ya koma goma sha wani abu!

Firestore, rumbun adana bayanai na Google, yana wannan ajiyar da kansa a Android. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da ke zaune a cikin wayar, shi ma ya wadatar. Amma ka ba kowace ƙwallo lambarta, don ko an tura sau biyu a ƙirga ɗaya.

Inda dabarar ke gazawa: mutum biyu su gyara wasa ɗaya ba netwok. Na ƙarshen turawa zai goge na farko. Ka damƙa kowane wasa a hannun mutum guda.