Yadda ake gane abin da ke raba babbar lamba

Ɗalibin Tawa mai shirin jarrabawar BEPC, rubuta 123 456 789 a kayenka.

Fara duba lambar ƙarshe. 9 ce, mara ce, don haka 2 ba ta raba ta. 5 ma haka, sai mai ƙarewa da 0 ko 5.

Sai ka tara lambobin duka: 45. Tunda 9 na raba 45, tana raba babbar lambar: 9 sau 13 717 421. 3 ma tana rabawa.

Gwajin 11 ne mai santsi. Fara daga dama, cire, ƙara, cire: 9−8+7−6+5−4+3−2+1 = 5. Saura 5; tunda 11 ba ta raba 5, ba ta raba babbar lambar. In lamba na da sifiri a tsakiya kuma ka tsallake shi, alamomin sun juye, amsa ta ɓaci.

Ko da 2, 3, 5, 9 da 11 duk ba su raba lamba, wannan bai nuna ba ta da mai raba ta ba: ba ɗayansu da ke raba 91, alhali 7 sau 13 ce.