Kurakuran da aka fi yi wajen saye da adana zumurrudu

Yawancin masu tafka kuskure a kan zumurrudu da mudun daiman suke auna shi. Mutum ya ɗaga dutse, ya hango zane-zane da 'yan tsaguwa a ciki, sai ya ajiye, wai yana da aibi. Alhali haka halittarsa take. Sinadarin beriliyom da ke gina jikinsa da kuromiyom ko banadiyom da ke ba shi launin kore ba kasafai suke haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa ba. Sai duwatsu sun tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya ratsa ya haɗa su, kuma wannan wahalar ce ke barin tabo. Faransawa ma lambu suke kiran tabon. In ka sa dutsen mahaƙar Muzo ta Kolombiya a madubin ƙara girma, kana iya ganin ɗigon ruwa da kumfar iska da ƙwayar gishiri a kulle cikin rami ɗaya.

Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne dutsen da ya fito tas, ga girma ga araha. Ko gilashi ne, ko haɗin ɗakin gwaji, wanda Carroll Chatham ya fara yi a Amurka tun shekarun 1930. Na haɗin ba laifi ba ne, muddin an faɗa maka gaskiya. Nemi takardar gwaji kafin ka biya.

Sai batun mai. Kusan duk zumurrudun da ke kasuwa an ɗura masa mai ko ƙaro don ɓoye tsaguwa. Kada ka tambayi ko an sa, tambayi yawan da aka sa, don a nan farashi ke bambanta. Man ne kuma ya sa ruwan zafi, tururi da injin wanke kayan ado mai girgiza suke wa dutsen illa: man ya tsiyaye, dutsen ya yi fari-fari kamar ya tsufa dare ɗaya. Ruwa mai ɗumi, sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun wadatar.

Taurinsa 7.5 zuwa 8 ne a ma'aunin Mohs mai auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, sai wasu su ɗauka ba ya fashewa. Wuyar karcewa yake yi, amma bugu ɗaya a bakin tebur na iya raba shi. In a zobe yake, cire zoben kafin aikin ƙarfi.

Akwai kuma masu sayen sunan ƙasa. Ni dai na fi son dutsen mahaƙar Kagem ta Zambiya mai kore sosai da ɗan shuɗi-shuɗi a kan na Kolombiya da launinsa ya koɗe.