Yadda ake canza batirin ondilar

Kun dame ni da tambaya kan ondilar (na'urar da ke ba ordinatar kuran daga batir in an ɗauke) da ke ta ƙara da an ɗauke kuran. Ƙarar kaɗai ba matsala ba ce, amma in yana mutuwa nan take, to yawanci batir ne ya mutu, zafin Maradi ba ya barinsa ya daɗe.

1. Kashe ordinatar da ondilar.
2. Zare wayar ondilar daga bango.
3. Kwance murfin da turnabis.
4. Cire baƙar waya daga batirin, sannan jar wayar. Hattara, kar ƙarfe ya haɗa kawunan batirin biyu, tartsatsi zai tashi!
5. Je kasuwa da tsohon a ba ka irinsa, ƙananan yawanci 12V 7Ah ne, in biyu ne canza su tare.
6. Haɗa jar waya a +, baƙa a -, nan ake yawan kuskure.
7. Rufe.
8. Bar shi a kuran awa 8 kafin ka ɗora masa ordinatar.