Kurakuran da sabon ma'aikacin rezo ya fi yi a Maraɗi

Duk yaron da aka turo mini koyon aiki, ɗokinsa ɗaya ne: ya jona kwamfuta da na'ura. Rezo na ɗaukewa sai ya ce katin lantarkin da ke cikin na'urar ne ya mutu, a aiko da sabo daga Yamai. Ni ma na yi haka. Wata rana cikin watan Afrilu, a wata tashar rezo kan hanyar Dakoro, kati biyu na canza, ashe batura ne zafi ya kumbura su, wutar ba ta isar na'urar. Garuruwa suka wuni babu kira saboda gaggawata, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Don haka, ƙanena, fara da wuta. Kayan tasha da volt 48 suke aiki, batura huɗu masu volt 12 a jere. Kada ka yarda da abin da allo ya nuna kaɗai. Yanke wutar NIGELEC, kamfanin lantarki, ka bar batura su ɗauki nauyi, ka sa mita a kan kowane ɗaya. Mai rauni nan da nan zai tona kansa. In ka same shi, kar ka cusa sabo cikin tsofaffi uku don tsimi, tsofaffin za su ja shi ƙasa. A canza jerin gaba ɗaya.

Batirin dalma don digiri 25 aka yi shi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Mu kuwa a bazara muna haura 40. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe matatar iskar da ke sanyaya kayan tun watan Janairu, babu wanda ya kakkaɓe. Ciro ta ka ɗaga wa rana: in haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Haka matatar janareto.

Wayar ƙasa, wadda ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, ita ce aka fi rainawa. Ƙasarmu rairayi ce, da damina awonta yana yin kyau, da rani ta bushe ƙayau ba ta shan wuta. Mai aunawa a watan Agusta ya rubuta lafiya lau, yaudarar kansa ya yi. A auna da rani, kafin hadarin farko na Yuni, a bi wayar da hannu har gindinta, domin ɓarayin tagulla sukan yanke ta su bar guntu a sama kamar tana nan. Tsawa ɗaya ta isa ta ƙone kayan tasha duka.

Ruwa kuma ta mahaɗar waya yake shiga. Naɗe ta da roba mai manne kanta, ka bi da tef daga ƙasa zuwa sama, sannan ka lanƙwasa wayar ƙasa kaɗan kafin ta shiga ɗaki, ruwan ya ɗiga waje.

Zaren fiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, faɗin cibiyarsa maikron 9 ne, gashin kai ya fi ta kauri nesa. Na sha ganin mai goge bakin zaren da gefen riga ko ya hura da baki. Datti ya ƙara. Akwai abin gogewarsa, yi amfani da shi, ka mayar da murfi, kar ka naɗe shi da matsi. Kuma kada ka taɓa leƙa bakinsa: haskensa ba a ganinsa, amma yana lalata ido.

Hawa hasumiya ba a yinsa kai kaɗai, ba a yinsa babu ɗamara mai ƙugiya biyu, ɗaya a maƙale kafin a cire ɗaya. Ka sa a kashe eriyar da za ka tsaya gabanta. Hadari ya taso daga gabas, sauko, ko da ƙusa ɗaya ce ta rage.

Kafin ka zare kowace waya, ɗauki hoto, ka liƙa mata suna. Wanda za a taso da ƙarfe 2 na dare zuwa Tasawa, da fitilar waya zai yi aikin, kuma abin da ka rubuta kaɗai zai tarar.