Yadda za ka shirya wa doguwar gasar tirayatlon daga Kaduna

Duk wanda ya zo mini da maganar shiga Ironman, wato doguwar gasar tirayatlon da ke haɗa ninkaya da keke da gudu, tambayarsa ta farko a kan keke take: wane iri zai saya, nawa ne, a ina ake samu. Ni kuwa ninkayarsa nake fara tambaya. A cikin waɗanda na ga sun ɗauko wannan hanya daga nan Kaduna, babu wanda keke ya mayar gida. Ruwa ne yake mayar da mu, ni ma shi ya mayar da ni a karon farko.

Doguwar gasa iri biyu ce. Cikakkiya ita ce ninkaya kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, a jere ba hutu, galibi cikin awa 17. A Hawayi aka faro ta a 1978 da mutum 15, 12 suka kai ƙarshe. Rabinta kuma, wadda ake kira 70.3 saboda jimillar nisanta mil 70.3 ne, ninkaya ce kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, cikin awa takwas da rabi. Da rabin za ka fara. Mai zuwa aiki, mai iyali, wanda bai taɓa yin rabin ba ya ce zai faɗa cikakkiya, kuɗinsa kawai zai zubar. A Afirka an fara ta Rubavu a Ruwanda, bakin tafkin Kivu, a 2022, akwai kuma ta Durban a Afirka ta Kudu. Cikakkiyar ta nahiyarmu a Gqeberha ake yi, garin da aka sani da Port Elizabeth a Afirka ta Kudu.

Mataki na farko: kada ka biya kuɗin rajista tukuna. Ɗaruruwan daloli ne, ga tikitin jirgi, ga masauki, ga kuɗin ɗaukar keke. Ka fara zuwa asibiti a duba maka zuciya da hawan jini, musamman in ka haura arba'in. Daga nan sai ruwa.

A gasar rabi minti 70 ake ba ka ka fito daga ruwa. A cikakkiya awa biyu da minti 20. In ka wuce ko da minti ɗaya ne, gasarka ta ƙare a nan, kekenka yana rataye yana jiranka, ba za ka hau shi ba. Abin da ya same ni ke nan. Wata takwas na yi ina atisaye a kwamin ninkaya na wani otal, ɗan ƙarami, hannu goma sha biyu na kai bango. Ina ƙirga zagaye ina cika kilomita biyu, ina ganin na shirya. Ban lura ba cewa duk lokacin da na kai bango ina riƙe shi in ja numfashi, in tura da ƙafa. Ranar gasa na shiga tafki, babu bango, babu layi a ƙasa, ruwan duhu ne, ga ƙafafun mutane suna dukan fuskata. Ban yi mita ɗari biyu ba ƙirjina ya ɗaure. Da na samu kaina kuma sai na riƙa karkata hagu ba tare da na sani ba, har sai da mai kwale-kwale ya nuno mini hanya. Na fito bayan lokaci. Har yau in na tuna tsayuwar da na yi a bakin tafkin nan raina yana ɓaci, shi ya sa nake tsananta wa kowa a kan wannan mataki.

Ga abin da za ka yi. Nemi kwami mafi tsawo da za ka iya samu a gari, ko da kuɗin shigarsa ya fi, ka yi ciniki da su na wata-wata ya fi sauƙi. Sau uku a mako, ba fashi. Koyi fitar da numfashi a cikin ruwa ta hanci da baki, domin in ka juya kai shaƙa kawai za ka yi. Yawancinmu da muka koyi iyo a rafi ko kududdufi muna riƙe numfashi, kai a sama, ƙafa tana nutsewa, kuma wannan ne yake gajiyar da mutum tun kafin ya yi nisa. Biya mai koyarwa ko na wata biyu ne ya gyara maka wannan. Ya fi maka sabuwar taya amfani.

Bayan haka ka haramta wa kanka bango. Juya kafin ka kai shi, ba taɓawa, ba turawa. Ka koyi ɗaga ido gaba duk bayan hannu shida zuwa takwas: ajiye jarka mai launi a bakin kwami, ka ɗaga idanu kawai sama da ruwa, ka gan ta, ka mayar da fuska. A gasa manyan balan-balan masu launi ake jerawa a kan ruwa, su za ka riƙa nema haka. Wani lokaci ka rufe ido ka yi hannu goma, wani yana tsaye yana kallonka, ka ga wane gefe kake karkata. Ka tara abokai uku ko huɗu ku shiga layi ɗaya kuna gogayya da juna, har bugun hannu da ƙafa ya daina firgita ka. Dokata ita ce sai ka yi mita 1,900 ba tsayawa, ba bango, ƙasa da minti 50, sau uku a ranaku daban-daban, sannan ka biya rajista.

Kada ka ce za ka gwada a Kogin Kaduna ko a dam. Da damina ruwan yana da ƙarfi, ga ciwon tsagiya da ake ɗauka a irin waɗannan ruwaye, kuma ba mai ceto a kusa. Gara ka isa garin gasar da kwana uku, ka shiga ruwan sau biyu tare da sauran 'yan gasa. In ruwan bai wuce digiri 24.5 ba, ana barin a sa rigar roba mai riƙe ɗumi. Tana taimakawa wajen tasowa, amma tana matse ƙirji, don haka ranar gasa ba ranar fara sa ta ba ce. Tsaya a baya wajen shiga. In tsoro ya kama ka, juya rigingine ka huta, ko ka riƙe kwale-kwalen masu tsaro. Doka ta yarda muddin bai ja ka gaba ba. Ni ban san haka ba a lokacin.

Keke kuwa, na hannu ya isa. Keken tsere mai giya wanda ya yi daidai da tsawonka, sirdin da ba ya cin ka, da hular kwano mai kyau, wadda ita sabuwa za ka saya. Riguna da gajeren wando kana iya dacewa da su a gwanjon Kasuwar Barci. Fita bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika titi, kuma a ƙungiya, ba kai kaɗai ba. Ranar Asabar ta doguwar tafiya ce, kana ƙarawa a hankali har ka kai awa huɗu. Koyi canza tiyub da hannunka, don babu mai faci a hanyar gasa. Kada ka saba da laɓewa a bayan wani, a gasa mita 12 ake so tsakaninka da na gaba, in ba haka ba a hukunta ka. Kuma sai ka ɗaure hular kwano kafin ka taɓa keke.

A kan keke ake ci. Dabino, ayaba, zuma a ƙaramar gora, duk minti ashirin ɗan wani abu, abin da zai kai giram 60 na sitaci da sukari a awa. Ruwa zalla da yawa yana da haɗari, haɗa da ruwan gishiri da sukari, musamman a zafin Maris da Afrilu. Da azumi rage komai, ka koma ɗan gudu ko ninkaya bayan buɗa-baki, kuma kada ka zaɓi gasar da ta biyo bayan salla da mako biyu.

Gudu mun iya, sai dai gudu bayan keke daban ne. Duk Asabar in ka sauka, sa takalmi ka yi minti ashirin nan take, ƙafafu za su yi nauyi kamar ba naka ba, su saba. Doguwar gudu ɗaya a mako ta isa. Mako biyu kafin gasa ka rage atisaye da rabi. Ranar gasa ba sabon takalmi, ba sabon abinci. Kilomita biyar na farko ka tafi a hankali fiye da yadda jikinka yake so, kuma ka taka da ƙafa a duk wurin ba da ruwa, ka sha, ka zuba a kai, ka ci gaba.